Riesling ta Jamus: ɗanɗanonta da abincin da take tafiya da shi

Tambaya: Yaya, na samu aikin sabis a ɗakin cin abinci na wani otal a Abuja. A jerin abin shan da muke miƙa wa baƙi akwai farar giyar inabi ta Jamus mai suna Riesling, har kala uku. Baƙi suna tambayata wacce ce mai zaƙi, wacce za ta tafi da farfesun kifi ko da tsire. Ni ba na sha, ban san ɗanɗanonta ba, sai dai in yi murmushi in kira manaja. Tunda ka daɗe kana wannan aiki a Jamus, ka taimaka mini.

Amsa: Ƙanena, barka da samun aiki, Allah ya sa albarka. Ka kwantar da hankalinka, ba sai ka kai kofi baki ba kafin ka iya ba baƙo shawara a kan Riesling. Takardar da ke jikin kwalbar giyar Jamus tana tona asirin abin da ke ciki fiye da ta yawancin ƙasashe, domin doka ta tsara ma'anar kusan kowace kalma da ke kanta. Wahalar kawai da Jamusanci aka rubuta, kalmomin kuma dogaye. Idan ka iya karanta abu biyu ko uku a jikinta, ka wuce wurin.

Riesling sunan irin inabi ne, ba sunan kamfani ko gari ba. 'Ya'yansa ƙanana ne, ba ya saurin nuna, kuma yana jure sanyi. Rubutun da aka saba kafa hujja da shi a kan tsufansa yana cikin littafin lissafin wani basarake na gidan Katzenelnbogen a Rüsselsheim, mai ɗauke da ranar 13 ga Maris 1435, inda aka rubuta kuɗin da aka kashe wajen sayen dashensa. A yau Jamus na da gonakin inabi kimanin hekta 103,000 a yankuna 13, kuma wajen hekta 24,000 daga ciki Riesling ne, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Babu ƙasar da ta kai ta nomansa, ko da yake Alsace ta Faransa da Ostiriya da Ostireliya su ma suna yin mai kyau. Idan ka ga kwalba an rubuta Welschriesling, wannan wani inabi ne dabam, suna kawai ya haɗa su.

Abu na farko da baki ke ji a Riesling shi ne tsami, tsami mai kaifi da ke sa yawu ya taru a gefen harshe. Dalilinsa yanayin ƙasar ne. Layin digiri 50 na arewa ya ratsa ta tsakiyar birnin Mainz, kuma can ana dab da iyakar inda inabi ke iya nuna. Rani gajere ne, dare na da sanyi, inabin yana rataye a jikin kurangarsa har cikin Oktoba, wani lokaci Nuwamba. Sukari na taruwa a hankali, tsamin kuma bai ƙone ba kamar yadda yake ƙonewa a ƙasashe masu zafi. Shi ya sa lita ɗaya ta Riesling takan ɗauki giram 7 zuwa 9 na tsami, fiye da yawancin fararen giyoyin da za ka gani a jerinku.

Don inabin ya samu isasshiyar rana, manoman kogin Mosel sun hau gangaren duwatsu masu kallon kudu. Akwai wani gangare kusa da ƙauyen Bremm da ake kira Calmont, tsayuwarsa ta kai digiri 65 a wasu wurare. Ƙasar ba ƙasa ba ce kamar yadda muka santa, falle-fallen dutse ne mai duhu, irin wanda suke rufin gidaje da shi, suna ce masa Schiefer. Yana zamewa a ƙarƙashin takalmi, mai tsinka yana riƙe da turken kuranga da hannu ɗaya, yana yanka da ɗaya, wani kuma yana hawa da sauka da kwando a baya. Da yamma idan ka ɗora tafin hannu a kan dutsen za ka ji shi da ɗumi bayan iska ta riga ta yi sanyi, ɗumin nan ne ke taimaka wa inabin ya ƙarasa nuna. Tarakta ba ta hawa irin wannan wuri. Idan baƙo ya yi ƙorafin tsadar kwalbar Mosel, ga inda kuɗinsa ya tafi.

Ƙamshin kuwa ya danganta da inda aka noma. Ta Mosel da ƙananan kogunanta, Saar da Ruwer, ita ce mafi rashin nauyi: koren tuffa, lemun tsami, fure, da wani ƙamshi da masu sha ke kwatantawa da jiƙaƙƙen dutse. Ta Rheingau, inda Riesling ya cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na gonakin, ta fi tsauri, kuma yawancinta ba zaƙi. Ta Pfalz, yanki mai ɗumi a kudu wanda ya fi kowane yawan gonakin Riesling, ta fi cika baki, ƙamshinta ya karkata ga nunannun 'ya'yan itace, a shekara mai zafi har da alamar abarba da mangwaro. Nahe da Rheinhessen suna tsakani. Abin da ba za a ji ba shi ne baurin nan na jar giya da ke busar da dasashi, ko ƙamshin sabuwar gangar katako irin na wasu giyoyin Chardonnay. Yawanci a tankin ƙarfe ake yin ta ko a tsofaffin manyan ganguna da suka daina ba da ƙamshi.

Yanzu ga ainihin tambayarka, wacce ce mai zaƙi. Kafin ka karanta kowace kalma, juya kwalbar ka nemi lambar ƙarfin barasa. Yadda abin yake, ruwan inabi yana fitowa da sukarinsa, yis yana cinye sukarin yana mayar da shi barasa, kimanin giram 17 na sukari a lita ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Idan mai yin giyar ya bar yis ya gama aikinsa, barasa ta hau, zaƙi ya tafi. Idan ya tsayar da shi a tsakiya ta hanyar sanyayawa da tacewa, barasa ta tsaya ƙasa, sukari ya rage a ciki. Saboda haka kwalbar da ta ce 7.5 ko 8 ko 9 mai zaƙi ce, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Wadda ta ce 10 zuwa 11 tana da ɗan zaƙi-zaƙi. Daga 12 zuwa sama, kusan kullum babu zaƙi. Wannan ƙa'ida ba ta cika kuskure ba, kuma ita nake fara koya wa duk sabon ma'aikaci.

Sai kalmomin. Trocken na nufin ba zaƙi: doka ta yarda da sukari har giram 9 a lita muddin tsamin ya biyo shi kusa. Halbtrocken na iya kaiwa giram 18. Feinherb kalma ce da doka ba ta yanka mata iyaka ba, masu giyar Mosel sun fi son ta, kuma a aikace tana kusa da halbtrocken ko ta ɗara ta kaɗan. Akwai kuma wani tsani da ke rikita mutane: Kabinett, Spätlese, Auslese, Beerenauslese, Trockenbeerenauslese da Eiswein. Dokar giya ta 1971 ce ta tsara shi, kuma abin da yake aunawa shi ne yawan sukarin inabin ranar da aka tsinke shi, ba zaƙin da ya rage a kwalba ba. Don haka za ka iya ganin Spätlese trocken, inabi ya nuna sosai amma yis ya cinye sukarin. Idan dai an rubuta Kabinett ko Spätlese ko Auslese ba tare da trocken a gefe ba, ɗauka mai zaƙi ce, kuma zaƙin na ƙaruwa kana hawa tsanin. Ka kiyayi Trockenbeerenauslese, kar trocken ɗin farkonta ya yaudare ka. Inabin ne ya bushe a jikin kuranga ya zama kamar zabibi bayan wata irin fumfuna ta huda fatarsa, kuma ita ce mafi zaƙi duka, kauri kamar zuma. Eiswein kuma daga inabin da ya daskare a gona ake matse ta, sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifiri, galibi da asuba. Waɗannan na saman tsani ba na cin tuwo ba ne, a ƙananan kwalabe suke zuwa, kuma kuɗinsu na iya wuce hankali. A gwanjon Trier na 2015 an sayar da kwalba ɗaya ta Trockenbeerenauslese ta gidan Egon Müller, girbin 2003, a kan Yuro 12,000.

Idan baƙo mai son labari ne, ga ɗaya da ake bayarwa a Schloss Johannisberg da ke Rheingau. A 1775 gonar na hannun shugaban cocin Fulda, ba a fara girbi sai da izininsa. Ɗan aiken da ya tafi karɓo izinin ya makara, inabi ya fara ruɓewa a gona, aka matse shi a haka cikin fid da rai, sai giyar ta fito fiye da yadda aka saba. Daga nan aka ce Spätlese, wato girbin jinkiri, ta samo asali. Mutum-mutumin ɗan aiken a kan dokinsa yana nan a harabar gidan.

Alama ɗaya ta rage. Idan ka ga hoton gaggafa da nonon inabi a wuyan kwalba, gidan memba ne na VDP, ƙungiyar gidajen giya kimanin 200 da ta samo asali a 1910. Idan kuma ka ga haruffan GG, wannan ita ce babbar giyar gidan marar zaƙi, daga gonarsu mafi daraja. Kar kuma ka haɗa duk wannan da Liebfraumilch, giya mai arha mai zaƙi-zaƙi da aka riƙa lodawa Ingila da Amurka a shekarun 1970 da 1980. Haɗe-haɗe ce ta inabi iri-iri, kuma ita ta sa har yau wasu dattawan Turawa ke yatsina fuska da jin giyar Jamus. Yawancin Riesling da Jamusawa ke sha a gida yanzu trocken ce ko kusa da haka.

Kar ka ji giram 50 na sukari a kwalbar Kabinett ka ɗauka lemon kwalba ce. Coca-Cola na da sama da giram 100 a lita, kuma ko ba wannan ba, tsamin Riesling yana danne zaƙin. Ka san kunun tsamiya: idan tsamiyar ta ji, cokalin sukari biyu ba ya sa a ce ya yi zaƙi, sai a ce ya yi daidai, alhali cokali biyun nan a ruwan zafi zalla sai ya gundure ka. Haka Kabinett ta Mosel take. Zaƙi ne ke fara taɓa harshe, tsami ya biyo baya ya wanke, baki ya koma fes.

Wannan wankewar ita ce dalilin da ya sa Riesling ke tafiya da abinci fiye da yadda mutane ke zato. Tambayoyi uku nake yi wa kwano kafin in zaɓi kwalba: yajinsa nawa, maiƙonsa nawa, kuma akwai zaƙi a ciki?

Yaji shi ne babba a wurinku. Barasa tana ƙara wa barkono zafi, domin tana tsokanar jijiyoyin baki guda da barkonon ke tsokana. Baƙon da ya kora farfesu mai attaruhu da jar giya mai kashi 14 zai ji bakinsa ya kama da wuta, giyar kuma ta yi masa ɗaci. Sukari kuwa kwantar da zafin yake, sanyi ma haka. Shi ya sa gidajen abincin Tailan da Indiya da Sin a Turai suka rungumi Kabinett da Spätlese masu zaƙi: barasa kaɗan, sukari daidai, ga sanyi. Abin da ya yi wa miyar kori mai madarar kwakwa aiki zai yi wa farfesun tarwaɗa. Ga farfesun kifi ko na kaza, ka ba shi wadda lambarta ke tsakanin 8 da 10. Citta da masoro da kanumfarin da ke ciki suna shiri da ƙamshin lemun tsamin giyar ƙwarai. Dafa-dukar shinkafa da soyayyiyar ayaba, feinherb ta isa, domin tumatir da ayabar suna da ɗan zaƙinsu, kuma giyar da ba ta da sukari ko kaɗan takan koma tsami zalla a gefen abinci mai zaƙi. Wannan ka riƙe shi da kyau: kada abincin ya fi giyar zaƙi.

Tsire ya ɗan fi wuya. Ga yaji, ga ƙuli-ƙuli mai maiƙo, ga hayaƙi, ga jan nama. Tsiren kaza ko na ƙunduna ba matsala, feinherb ko Kabinett. Na naman shanu kuwa yakan murƙushe giya marar nauyi, ta ɓace a bayansa kamar ruwa. Nan Spätlese mai zaƙi ta fi tsayawa da ƙafarta, kuma idan baƙon ya ce shi ba ya son zaƙi sam, ni ba zan tura masa Riesling a kan tsiren naman shanu mai yaji ba. Gara ka nuna masa wani abu a jerin. Haka miyar shuwaka, ɗacinta da tsamin giya ba sa jituwa. Ba kowane kwano ne sai an nema masa giyar inabi ba.

Maiƙo kuma aikin trocken ne. A Jamus abin da aka fi cin ta da shi ke nan: kifin ruwan sanyi da suke kira Forelle, a barbaɗa masa fulawa a soya da man shanu, ko naman maraƙi da aka buga ya yi fale-fale aka soya da garin burodi, ko agwagwa, ko kyafaffen kifi. A Pfalz da naman alade da tsimammen kabeji suke sha, musamman wani abincinsu mai suna Saumagen, wanda tsohon shugaban gwamnati Helmut Kohl ya riƙa kai manyan baƙinsa Deidesheim su ci, har da Gorbachev da Thatcher. A Mainz kuma da Spundekäs, wani kwaɓaɓɓen cuku mai laushi da ake dangwala da busasshen burodi mai gishiri. Duk hikimar ɗaya ce, tsami yana yanke maiƙo. A teburinku wannan na nufin gasasshiyar karfasa ko giwan ruwa da ba a cika wa barkono ba, jatan lande da tafarnuwa, soyayyiyar kaza, dankali, da salak mai lemun tsami. Miyar agushi mai manja, idan yajin bai yi yawa ba, trocken ta Pfalz ko Rheinhessen mai kashi 12 zuwa 13 za ta iya da ita. Ta Mosel marar zaƙi takan yi mata sirantaka.

Auslese da na samanta, idan kuna da su, a ƙarshen cin abinci ake kawo su, a ƙaramin kofi. Suna tafiya da cuku mai gishiri, musamman mai shuɗin ratsi, da kek ɗin tuffa, da yankakken mangwaro ko abarba. Da cakulan ba sa tafiya, kar ka gwada.

Akwai ranar da baƙo zai kira ka ya ce kwalbar nan warin kananzir take. Kar ka firgita, kuma kar ka yi masa musu. Riesling da ta shekara biyar, goma ko fiye takan fitar da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da TDN, wanda ke samuwa daga launin fatar inabin, kuma ya fi yawa idan inabin ya sha rana. Masu son tsohuwar Riesling nemansa suke, tare da ƙamshin zuma da ke zuwa da shekaru. Kwalba mai marfin murɗawa ta fi riƙe shi, domin toshiyar ɓawon itace tana tsotse wani abu daga ciki. Ka yi masa bayani a hankali, idan bai gamsu ba ka kira manaja. Haka idan aka ga wasu ƙananan ƙwayoyi kamar gishiri ko fasasshen gilashi a gindin kwalba ko a jikin toshiya, gishirin tsamin inabi ne da sanyi ya daskarar, ba ya cutarwa. Abin da ke nuna lalacewa dabam ne: warin jiƙaƙƙen kwali, ko giya 'yar shekara biyu da ta riga ta yi launin shayi, ko ɗanko a wuyan kwalba alamar ta yoyo. Na biyun da na ukun aikin zafi ne, kuma a Abuja shi ne babban abokin gabarku. Kwalin da ya kwana a sito mai zafi cikin Maris, ko firjin da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, ya isa ya kashe ƙamshin. Ka gaya wa mai kula da sito ya ajiye su a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da janareta da kicin.

Wajen miƙawa, trocken na son digiri 8 zuwa 10, mai zaƙi ta ɗan fi haka sanyi. A bokitin ƙanƙara ka zuba ruwa tare da ƙanƙarar, ya fi saurin sanyayawa, kuma kwalbar Riesling doguwa ce siririya, sai ka tabbata ruwan ya kai kafaɗarta, in ba haka ba kofin farko zai fito da ɗumi. Zuba kashi ɗaya cikin uku na kofin kawai, ka riƙa ƙarawa, domin a zafinmu cikakken kofi ya ɗumame kafin a kai rabinsa. Wadda aka buɗe aka mayar da marfi a firji takan yi kwana uku zuwa biyar. Ka kuma sa ido a kan mai zaƙin nan, tana wucewa a maƙogwaro ba a sani ba, amma kwalba mai mililita 750 a kashi 8 tana ɗauke da mililita 60 na barasa zalla. Wanda ya shanye ta shi kaɗai bai kamata ya riƙe sitiyari ba.

Tunda yawancin baƙinku 'yan gida ba sa sha, wataƙila wata rana a kawo muku kwalba mai rubutun alkoholfrei ko entalkoholisiert. Jamusawa sun daɗe a wannan fanni, gidan Carl Jung da ke Rüdesheim tun farkon ƙarni na 20 yake cire barasa daga giya ta hanyar dumama ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, inda barasar ke tashi a zafin da bai wuce digiri 30 da 'yan kai ba. Gidan Leitz ma, a yankin Rheingau, yana yin Riesling irin wannan. Abin da ya wajaba ka gaya wa baƙo shi ne giya aka fara yi sannan aka cire barasar, kuma doka ta yarda a samu ragowar da ta kai kashi 0.5 cikin 100, sai dai in an rubuta 0.0. Hukuncin shanta na malamai ne da mai sha, naka shi ne kada ka ce masa ruwan inabi ne zalla. Ruwan inabi zalla wanda bai taɓa tsimuwa ba sunansa Traubensaft, kuma gidaje da yawa suna matsa shi daga inabin Riesling. Ya fi zaƙi nesa ba kusa ba, domin duk sukarinsa na nan, don haka a sanyaya shi sosai a tsinka shi da ruwan soda rabi da rabi kafin a kai shi gefen farfesu.